Rainon yaro a Legas: daga takardar haihuwa zuwa ƙofar aji

Yawancinmu da ke zaune a Agege, Idi-Araba, Mile 12, Obalende ko Ijora, da niyyar zaman wucin gadi muka zo. Ana nan ana neman abin rufin asiri, amma zuciya tana Kano, tana Sakkwato, tana Katsina. Shi ya sa abubuwa da yawa muke ɗaga su zuwa "in an koma gida". Gini yana iya jiran a koma gida, sayen gona ma haka. Yaro ne ba ya jira. Wanda aka haifa a bayan kasuwar Mile 12, a nan zai yi rarrafe, a nan bakinsa zai buɗe, kuma kafin uban ya gama shawarar komawa ya kai shekara bakwai. Ba ci-rani ya zo ba, a nan yake girma, kuma dokar jihar nan ta san da shi.

Tun 2007 Legas take da dokarta ta kare haƙƙin yara, wadda ta biyo bayan ta tarayya ta 2003. A wurin wannan doka, duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne, kuma ba ta tambayi asalin jihar ubansa ba. Ga yadda iyaye za su karɓar wa yaro abin da yake nasa, mataki bayan mataki.

Mataki na farko: takardar haihuwa

Raɗin suna ya ba yaro suna a cikin dangi da unguwa. A wurin hukuma kuwa, sai an rubuta shi. Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ce ke ba da takardar haihuwa ta gaskiya, kuma ma'aikatanta suna zama a asibitocin gwamnati da yawa da sakatariyar ƙaramar hukuma. Dokar 1992 ta ce a yi rajistar cikin kwana 60 da haihuwa. Katin da asibitin kuɗi ke miƙa wa maijego ranar sallama shaida ce kawai, da ita za a je a karɓo ta hukumar. In a gida aka haihu a hannun ungozoma, ba a rasa komai ba, a je da jaririn da katin allurarsa a yi bayani.

Abu biyu ke jawo wahala daga baya. Na ɗaya rubutun suna. Ma'aikacin da ke rubutawa sau da yawa ba Bahaushe ba ne, yadda kunnensa ya ji haka zai rubuta, sai a wayi gari Muhammad ya zama iri uku a takardu uku, Hauwa'u ta koma wani abu dabam. Maigida ya rubuta sunan a takarda tun daga gida ya miƙa, kuma ya duba da kyau kafin ya bar teburin. Na biyu ranar haihuwa: kada a rage, kada a ƙara. Wannan ranar za ta bi shi zuwa lambar NIN, wadda ake yi wa yara ma ta hanyar lambar uwa ko uba, kuma ba a rajistar jarrabawar JAMB sai da ita.

Wasu na tsoron in aka rubuta Legas a matsayin wurin haihuwa, yaro ya rasa asalinsa. Ba haka ba ne. Takardar shaidar asali daban take, ƙaramar hukumarku ta gida ke ba da ita. A ɗauki hoton takardar haihuwar a waya, a sa ainihinta a leda a ajiye a sama, domin ruwan damina a Legas ba ya sallama kafin ya shigo ɗaki.

Mataki na biyu: allura da awo

Rigakafi kyauta ne a asibitin sha-ka-tafi na gwamnati. Jadawalin ba shi da wuyar riƙewa: ranar haihuwa ko da zarar an samu dama, sai sati 6, sati 10, sati 14, wata 9, da wata 15. Na ranar haihuwa na tarin fuka ne da ciwon hanta da ɗigon shan-inna. Na satittika ukun nan su ne ke tare mashaƙo, tarin shiƙa, ciwon huhu da gudawa mai tsanani. Na wata 9 na ƙyanda ne da zazzaɓin shawara, sannan a maimaita ta ƙyanda a wata 15. Wannan ta ƙarshen ita aka fi mantawa, don yaro ya fara tafiya, uwa ta ga kamar an gama.

Mu da muke zirga-zirga tsakanin Kudu da Arewa muna da matsala ta musamman. A yi allura biyu a Agege, a tafi gida salla ko wankan jego, a zauna wata huɗu, katin yana can cikin akwati a Legas. Katin nan yana aiki a ko'ina a Najeriya. A tafi da shi, a ci gaba a asibitin ƙauye. In an tsallake wata, ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Ɗan zazzaɓi na kwana ɗaya ko biyu bayan allura ba dalilin dainawa ba ne. Wanda yake shakka ya tuna annobar mashaƙo da ta tashi a ƙarshen 2022, ta fi tsanani a Kano, kuma akasarin yaran da ta kama ba su kammala rigakafi ba.

Kada a raina awo. Nauyin da ya tsaya cak wata biyu ko uku yana faɗin abin da ido bai gani ba tukuna.

Akwai abubuwan da ba a kwana da su: jaririn da ya ƙi kama nono, idon da ya yi ɗorawa, numfashi da sauri har awazu na lotsawa, jijjiga, gudawar da ido ya faɗa. Waɗannan ba na kemis ba ne, ba na dauri ba ne, ba kuma na agbo ba, wato jiƙon gargajiyar da maƙwabciya Bayarabiya za ta kawo cikin tausayi. Asibiti ne. Akwai asibitin yara na Massey a tsibirin Legas, ga asibitocin koyarwa, LASUTH a Ikeja da LUTH a Idi-Araba, kusa da ƙofar mutanenmu. Ƙananan abubuwa kuma: kada a sa kafur cikin kayan jariri, yana iya tayar da shawara a wasu jarirai. Cibiya a shafa mata maganin da asibiti ya bayar kawai, ban da man goge baki, ban da gasa ta da tsumma. Cire beli a wurin wanzami yana jawo zubar jini da shigar ƙwayar cuta, kuma ba ya maganin komai. Kaciyar mata da tsagar fuska kuwa doka ta hana su. Maigidan da yake da hali ya bincika inshorar lafiya ta jihar, Ilera Eko, don kada ranar ciwo ta zama ranar neman rance.

Mataki na uku: ciki

Wata shida na farko nono zalla, ko ruwa ba a haɗawa. Na san kakanni ba sa son jin wannan, musamman da zafin Legas, amma nono kansa galibinsa ruwa ne, kuma ruwan da ake saye a jarka ba abin amincewa ba ne ga hanjin jariri. Daga wata shida a fara abinci, a ci gaba da shayarwa zuwa shekara biyu, abin da addini ma ya zo da shi. Zuma sai bayan shekara ɗaya.

Inda ake kuskure shi ne koko tsararo. Yana cika ciki, amma ba ya gina jiki. A soya gero ko dawa da waken suya da gyaɗa a niƙa tare, a dama da kauri. A riƙa sa ƙwai, wake, dakakken busasshen kifi, alayyafo, zogale, ɗan manja, gwanda, ayaba. Abin takaici ne mutum ya yini yana sauke tumatir da karas da kabeji a Mile 12, ɗansa kuma ya yini a kan biskit da lemon kwalba. Yaro ƙarami a zuba masa nasa kwanon, don in aka haɗa shi da yayyensa ba zai samu rabonsa ba.

Mataki na huɗu: makarantar da ke cikin ɗaki

A nan zan daɗe, domin a nan ne ba a buƙatar ko kwabo, kuma a nan aka fi sakaci. Ƙwaƙwalwar yaro ta fi saurin ginuwa a shekarun farko, daga ciki zuwa shekara biyu musamman, kuma abin da ke gina ta shi ne a yi masa magana ya mayar, ya yi gwaranci a amsa masa. Ba sai ya iya magana ake masa magana ba. Uwa tana wanke-wanke da goyo a baya, ta riƙa faɗa masa abin da take yi: ga kofi, ga ludayi, ruwan da sanyi, bari mu ɗauraye. In ya nuna abu da yatsa, a faɗi sunan abin. In ya ce "mota", a ƙara masa: "E, mota ce rawaya, danfo ce, ta cika da mutane." Da haka kalma ɗaya ke zama jimla.

Da wane harshe? Da Hausa. Iyaye da yawa a Legas suna tilasta wa kansu guntun Turanci da yaro don kada a bar shi a baya. Ni a ganina asara ce biyu. Turancin da ba ka ƙware a kansa ba, umarni kawai za ka iya bayarwa da shi, zo, zauna, bari. Da Hausa kuwa za ka yi masa labari, ka yi masa zolaya, ka bayyana masa dalili. Yaron da ya cika da harshen gidansu ya fi saurin ɗaukar na biyu. Buroka zai tsince ta a tsakar gida ko ba ku so. Yarabanci yana jiransa a layi da aji, tunda tun 2018 dokar jihar ta wajabta koyar da shi a makarantu, kuma riba ce gare shi, ba abin tsoro ba. Jin harsuna uku ba ya jinkirta bakin yaro. In ya cakuɗa su a jimla ɗaya yana ɗan shekara uku, a ƙyale shi, zai rarrabe. Hausar ce kaɗai ba wanda zai koya masa a Legas in ba ku ba.

Tatsuniya ta yi ƙaura daga gidajenmu, waya ta gaje wurinta. A dawo da ita. "Ga ta nan, ga ta nanku" da dare, ko da na minti goma ne, yana koya wa yaro sauraro, da bin labari daga farko zuwa ƙarshe, da hasashen abin da Gizo zai yi. A tsaya a tsakiya a tambaye shi: "Kai da kai ne Ƙoƙi, me za ka yi?" Kacici-kacici, waƙar gaɗa da tafa hannu duk karatu ne. In Kaka tana Arewa, a kira ta ta yi masa tatsuniyar ta waya, wannan amfani ne mai kyau da ita.

Kayan wasa ba sai na kanti ba. Murafun kwalba a ƙirga su, a ware ja daga kore. Gwangwanaye a jera su daga babba zuwa ƙarami. Kwali da gawayi ko alli a yi zane. Albasa biyar a faranti, a ɗauke biyu, saura nawa? A dai kula da ƙananan abubuwa wurin wanda bai kai shekara uku ba, don komai baki yake kai wa.

Waya kuwa, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a ajiye yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allon waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Na san a ɗaki ɗaya, uwa tana girki ga risho a ƙasa, wayar ce ke zaunar da shi. To, aƙalla a rage, a kashe lokacin cin abinci da kafin barci, kuma in yana kallo wani ya zauna ya riƙa tambayarsa abin da ya gani.

Maigida, wannan ba aikin mata kaɗai ba ne. Mai fita da asuba ya dawo bayan isha'i saboda cunkoson hanya yana iya shekara bai yi hirar kirki da ɗansa ba. A ware ko da yammacin Juma'a ko safiyar Lahadi. Ka ɗauke shi ku tafi masallaci a ƙafa, ka amsa tambayoyinsa ko sun kai ɗari.

Yara ba sa tafiya daidai, amma akwai iyaka. Wanda bai zauna ba a wata tara, bai yi tafiya ba a wata 18, ba ya juyowa in an kira shi, ko ya kai shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba, a kai shi likitan yara a duba shi, musamman kunnensa. Kada a tsaya ga "nauyin baki gadon gidansu ne", kada kuma a ɓoye shi a ɗaki. Legas tana da ofishin kula da masu buƙata ta musamman, LASODA, kuma wasu firamaren gwamnati suna da azuzuwan irin waɗannan yara.

Mataki na biyar: zaɓen makaranta

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa shekara tara na farko kyauta kuma dole: shida na firamare, uku na ƙaramar sakandare. Hukumar LASUBEB ce ke riƙe da firamaren gwamnati, kuma da yawansu suna da rabin aji na yaran da ba su isa aji ɗaya ba. Shekarar karatu a watan Satumba take farawa, don haka a je wurin hedimasta tun kafin lokacin, da takardar haihuwa da katin allura da hotuna. Yana da kyau iyaye su yi rajistar mazauna jihar ta LASRRA. Masu hana 'ya'ya mata shiga saboda hijabi su sani cewa a watan Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai Musulmi haƙƙin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas.

In ta kuɗi za a sa shi, kada kyan yunifom ya ruɗe ku. A tambaya ko gwamnati ta amince da makarantar. A shiga ciki, kada a tsaya a ƙofa. A dubi ginin: a watan Maris na 2019 wani bene ya rushe a Ita-Faaji da makaranta a samansa, yara suka mutu. A dubi bayi, da ruwan sha, da yawan yara a hannun malama ɗaya, da wanda ake miƙa wa yaro in an tashi. Ajin 'yan shekara uku da aka yi tsit, kowa na kwafar ɗaya zuwa ɗari, ba alamar kirki ba ce. Aji mai kyau a wannan shekarun yana da waƙa, wasa da surutu. Gwamnatin jihar ta hana duka a makarantunta, kuna da ikon tambayar ta kuɗi ma matsayinta a kan bulala.

Islamiyya da allo ba kishiyoyin boko ba ne, boko da safe, allo da yamma, haka aka saba. Sai dai a yi wa malamin islamiyya tambayoyin da aka yi wa hedimasta, kuma a bar wa ƙaramin yaro lokacin wasa da barci. Salla ma sai a shekara bakwai aka ce a umarce shi da ita. Ɗaukar ɗan shekara biyar a tura shi almajirci wani gari, alhali ga malamai a Zangon Agege, ban ga hujjarsa ba.

Mataki na shida: tsaro a gida da layi

Muna cewa ɗa na kowa ne. A ƙauye, inda kowa ya san kakan kowa, maganar tana da ƙarfi. A gidan haya mai ɗaki goma sha biyu da bayi ɗaya, inda maƙwabci ke sauyawa duk shekara, sai an sa ido.

Haɗurran da ke cin yara sanannu ne. Janareto a baranda ko kusa da taga, hayaƙinsa yana kashe mutane cikin barci. Kananzir ko fiya-fiya a robar lemo. Rijiya da durom ba murfi, kwata a buɗe lokacin ruwa, tukunyar ruwan zafi a ƙasa. In yaro ya sha kananzir kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a nufi asibiti da robar a hannu.

Daga shekara uku a koya masa cikakken sunansa da na ubansa da unguwarsu, daga baya lambar waya ɗaya. A koya masa, namiji ko mace, cewa abin da wando ya rufe nasa ne, ba mai taɓawa ko kallo, kuma duk wanda ya ce "kada ka faɗa wa Mama", to wannan ne abin da za a fara faɗa wa Mama. Kunya tarbiyya ce, amma kada ta hana yaro sanin sunan gaɓoɓinsa. Mai cutar da yaro galibi ba baƙo ba ne, wanda aka saba da shi ne. Ban da aike da dare, ban da shiga ɗakin samari kallo. Yaron da ake jibga a kan kowane ƙaramin laifi ba zai kawo muku babbar magana ba, don ya riga ya koyi ɓoyewa.

Talla, bara da aikatau a gidan wasu, dokar kare yara ta hana a sa yaro. Wannan ya haɗa da yarinyar da aka ɗauko daga ƙauye "riƙo" ta zama mai wanke-wanke, 'ya'yan gida suna tafiya makaranta ita tana shara. In an ɗauko ta, a sa ta makaranta tare da su. Aurar da wadda ba ta kai 18 ba shi ma laifi ne a dokar Legas, ko da a wata jiha aka saba da shi.

In abin ya riga ya faru

Yaro ya faɗi wata magana, ko an ga jini, ko tafiyarsa ta sauya, ko ya fara tsoron wani mutum. Da farko a yarda da shi. Kada a yi ihu, kada a dake shi, kada a tara mutane a sa shi maimaitawa. A ce masa ya kyauta da ya faɗa, kuma ba laifinsa ba ne.

Kada a yi masa wanka, kada a wanke kayan da ke jikinsa, a naɗe su a takarda. A kai shi asibiti a ranar, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki. Cibiyar Mirabel da ke cikin LASUTH a Ikeja, wadda aka buɗe a 2013, tana duba waɗanda aka yi wa fyaɗe kyauta, ta kuma rubuta rahoton likita. Hukumar DSVA ta jihar, mai yaƙi da cin zarafi a gida da fyaɗe, tana da layin kyauta, 08000 333 333. Lambobin gaggawa na Legas su ne 767 da 112. Wasu ofisoshin 'yan sanda suna da sashen kula da iyali, kuma ofishin lauyoyin gwamnati masu kare talaka, OPD, ba ya karɓar kuɗi. Wanda Turanci ke ba shi wahala ya tafi da amintaccen mai fassara, mace in yarinya ce.

Za a zo muku da maganar rufin asiri. Dattawa za su taru, a ce ɗan'uwa ne, a ce kada a kunyata Hausawa a garin mutane, wataƙila a ajiye kuɗi. Sarkin Hausawa da limami suna da rawar takawa wurin rakiya da kwantar da tarzoma, amma wannan ba rigimar bashi ba ce da ake sasantawa a zaure. A dokar laifuka ta Legas, saduwa da yaro hukuncinta ɗaurin rai da rai ne, kuma wanda aka rufa wa asiri yau yana nan a layin da sauran yara. Kada a sa hoton yaron ko sunansa a Facebook ko WhatsApp da sunan neman adalci. A koma duk ranakun da asibiti ya sa, a karɓi zaman masu ba da shawara ko da ya ga kamar ya warware, kuma da zarar likita ya yarda a mayar da shi ajinsa.